Sauke jakada: Iko na shugaba ne, amma da wace manufa?

A watan Mayun 2019 ne Shugaba Donald Trump ya janye jakadiyar Amurka a Yukren, Marie Yovanovitch, kafin wa'adinta ya cika. Ta fuskar doka babu ja-in-ja a kan ikonsa. Shugaban ƙasa ne ke naɗa jakada da amincewar Majalisar Dattawa, kuma tun 1926 Kotun Ƙoli ta yanke, a shari'ar Myers, cewa ba ya buƙatar izinin majalisar kafin ya sauke jami'in ɓangaren zartarwa. Haka abin yake a Najeriya, inda sashe na 171 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora naɗi da saukewa a wuyan shugaban ƙasa.

Ita kanta Yovanovitch, da take ba da shaida gaban kwamitin Majalisar Wakilai ranar 15 ga Nuwamba, 2019, ba ta musanta wannan iko ba. Abin da ta tambaya shi ne dalilin ɓata mata suna kafin a janye ta.

A nan ne gizo ke saƙar. Lauyan Trump na ƙashin kansa, Rudy Giuliani, ya shafe watanni yana yi mata yarfe. Bayan tafiyarta, ranar 25 ga Yuli, Trump ya nemi Shugaba Volodymyr Zelensky ta wayar tarho da a binciki Joe Biden da ɗansa Hunter, a daidai lokacin da aka riƙe tallafin soji na kusan dala miliyan 400 da aka ware wa Yukren. 'Yan Democrat suka ce janye jakadiyar sharar fage ce ga wannan buƙata.

'Yan Republican suka ce muddin za a riƙa tonon zuciyar shugaba a kan kowane matakin da doka ta halatta masa, babu wanda zai iya mulki. Hujjar tana da nauyi, sai dai ta tsallake abu guda: wanda ke da iko ne kaɗai zai iya karkatar da shi. Halaccin matakin bai wanke manufarsa ba, idan maslahar siyasar mutum ɗaya aka yi wa hidima da kujerar gwamnati.

Majalisar Wakilai ta tuhumi Trump ranar 18 ga Disamba, 2019 da amfani da iko ba bisa ƙa'ida ba, kodayake matsin lambar da aka yi wa Yukren ne ginshiƙin tuhumar, ba janye jakadiyar shi kaɗai ba. Majalisar Dattawa ta wanke shi ranar 5 ga Fabrairu, 2020 da ƙuri'a 52 da 48. Mitt Romney ne kaɗai ɗan Republican da ya same shi da laifi.