Maigida, Taka Birki Mu Ga Garinmu

Yau da ɓacin rai na ɗauko alƙalami, kuma kowa zai sha nasa, mazanmu da mu kanmu.

Kwanakin baya mun tashi daga Birnin Kebbi za mu biki Argungu, mota cike da kuloli da yara. Muna shiga gari sai 'yata ta ce, "Mama, wai wane ne Kanta?" Na buɗe baki na ce mata sunan makaranta ne. Maigida ya yi dariya ya ƙara taka mota. Wallahi har muka dawo kunya ba ta sake ni ba. Shekara goma sha biyu ina bin hanyar nan, biki, suna, ta'aziyya, dubiya, amma ko sau ɗaya ba a taɓa taka mini birki an ce sauko ki ga wani abu ba, ni ma kuma ban taɓa nema ba.

Da na bincika sai na tarar Muhammadu Kanta shi ne jarumin da ya kafa daular Kabi, ya ƙi biyayya ga Askiya na Songhai wajen shekarar 1516, ya gina birnin Surame, wanda har yau kufansa da ganuwarsa ta dutse suna nan a Jihar Sakkwato. Daga baya sarautar ta dawo Birnin Kebbi, har zuwa 1805 da rundunar jihadi ta Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci garin. Kabawa suka ƙare a Argungu, Birnin Kebbi kuma ta zamo mazaunin Sarkin Gwandu. Kin ga ke nan ɗan titin nan da ba ya kai mu awa ɗaya, tarihin shekara ɗari biyar ne shimfiɗe a kai, mu kuwa muna ciki muna gyangyaɗi.

Ki dubi Amurka da muke kallo a fim muna sakin baki. Suna da wata tsohuwar hanya, Route 66, da aka buɗe a 1926, ta tashi daga Chicago ta nufi Los Angeles. Mutum zai kwashi matarsa da 'ya'yansa ya yi kwana da kwanaki a kanta, don kawai su ga tsohon gidan mai da tsohon masauki su ɗauki hoto. Ƙasar da sai a 1776 ta samu 'yancin kai, lokacin Kanta ya fi shekara ɗari biyu a kabari! Su sun mayar da ɗan abin da suke da shi abin alfahari, mu namu ya yi yawa har mun raina shi.

To me za a gani? Kina fita Birnin Kebbi ga Ambursa, wadda ta taɓa zama mazaunin sarakunan Gwandu, yau kuma a nan filin jirgin sama yake. Ga fadamar Gulbin Rima, inda shinkafar da kike dafawa take fitowa. A Argungu ga Gidan Tarihi na Kanta, tsohuwar fada ce da sarakuna suka zauna ciki har 1942, aka mayar da ita gidan tarihi a 1958, akwai masu da takubba da kwari da baka da tambura, akwai kuma kaburburan sarakuna. Daga nan sai Matan Fada, inda ake bikin kamun kifi da gora da homa. Bikin ya samo asali ne a 1934, da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu don nuna tsohuwar gaba ta ƙare, a 2016 kuma UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya da ya kamata a adana. Bature ya hau jirgi ya zo ya gani, ke da kike maƙwabciya sai a talabijin. Haba jama'a!

Na san abin da za a ce. Wai mai ya yi tsada. Gaskiya ne, amma ai motar tana bin hanyar ko da ma, tsayawar rabin awa ba ta shan lita. Wasu su ce mace ba ta yawo. To wa ya ce ta fita ita kaɗai? Da mijinta da 'ya'yanta nake magana. Ku tuna Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, a zamaninta 'yan taru daga ƙauyuka suke takowa da ƙafa su zo neman ilimi, jaji na gabansu. Su da ƙafa, mu da mota, amma sun fi mu sanin abin da ya fito da su.

Mu ma mata ba mu fita ba. Mace za ta yi wata guda tana naci a kan kuɗin anko, ta yi awa uku a wajen kwalliya, amma ba ta taɓa cewa, "Maigida, don Allah mu biya gidan tarihi yara su gani." Ta san sunan jarumin fim ɗin Indiya da na matarsa, ba ta san wanda ya kafa garin da aka binne cibiyarta ba. Uwa ita ce makarantar farko, to idan malamar ba ta sani ba, me ɗalibi zai ɗauka? Gobe ɗanki zai je Kano ko Abuja a tambaye shi labarin garinsu ya sunkuyar da kai, kamar yadda na sunkuyar a gaban 'yata.

Shawarata, bikin da za ku je na gaba ku yi sammako da awa ɗaya. Ki lallaɓa maigida tun dare, ki dafa abincinku, ki ba kowane yaro biro da takarda ya rubuta abu uku da ya gani. Gani ya kori ji. Ku kuma iyayen gida, a yi mana adalci, mace ba buhun shinkafa ba ce da za a loda a sauke.

Allah ya sa mu gyara, amin.