Kada a Biya Kuɗin Wuƙa Sai Hannu Ya Riƙe Ta

Da zarar Sallar layya ta gabato, tallan wuƙaƙe yakan cika wayoyin jama'a. A Facebook da WhatsApp da TikTok za ka ga saiti mai guda shida ko takwas a jere cikin kwali, ƙarfe yana ta walƙiya, ga kuma ɗan bidiyon da wani hannu ke tsaga takarda ko tumatir ba tare da wata wahala ba. A ƙasa an rubuta lambar asusu: ka turo kuɗi, a ba direba a tasha ya kawo maka. Tun da Jumia da Konga suka fara aiki a Legas a 2012, ciniki ta intanet ya zauna da gindinsa a ƙasar nan, kuma babu mai hankalin da zai ce a koma baya. Katin waya, littafi, cajar da ka san lambarta, duk ana iya sayensu daga nesa a kwana lafiya. Amma wuƙa ba ta cikin wannan sahu. Ra'ayina shi ne kada mutum ya biya kuɗin wuƙar da zai yi aiki da ita sai ya riƙe ta a hannunsa, domin mafi yawan abin da ke raba mai kyau da marar kyau ba ya fitowa a hoto.

Abu na farko da hoto ke ɓoyewa shi ne nauyi, da kuma inda nauyin ya taru. Wuƙar girki irin ta Jamus mai tsawon santimita 20 takan kai kusan giram 250, takwararta ta Japan kuwa sau da yawa ba ta kai 200 ba, amma a fuskar waya tsayinsu ɗaya, kamarsu ɗaya. Ko da mai talla ya rubuta nauyin, bai faɗa maka ko ya rinjayi wajen tsini ko wajen mariƙi ba, alhali wannan ne ke sa wuyan hannu ya gaji bayan minti goma ko ya yini yana aiki. Sai mariƙin kansa: kaurinsa, santsinsa idan ya jiƙe da ruwa ko kitse, da ko yana da wata kusurwa da za ta ci tafin hannu. Hannun mahauci da ya shekara ashirin yana saran nama daban yake da na amaryar da ta fara girki bana, kuma kimanin mutum ɗaya cikin goma bahago ne, ga shi akwai wuƙaƙen Japan da ake wasawa ta gefe ɗaya kawai domin mai amfani da dama. Akwai kuma wani abin da masu tallan nan ba sa kawowa a ransu sam. Manyan wuƙaƙen girkin Turai an ƙera su ne domin a ɗora abu a kan katako a yanka, shi ya sa suke da faɗi da ciki mai lanƙwasa. A gidajenmu da dama kuwa a hannu ake yanka: uwargida ta riƙe kuɓewa ko albasa ko damin alayyahu a hagu, ta riƙa kawo wuƙa wajen babban yatsanta. Wannan aiki yana son wuƙa gajera, marar nauyi, wadda yatsa ke iya tare ta. Ka miƙa mata zungureriyar wuƙar da ka gani a bidiyo, ko dai ta ajiye ta a bayan kwanuka ta koma wa tsohuwarta, ko ta yanke. Da an ba ta ta riƙe kafin a biya, da nan take ta ce a'a.

Duk mai son ya ga yadda ake sayen wuƙa, ya tsaya kusa da mahauci a rumfar maƙera, a Kasuwar Kurmi ta Kano ko a kowace kasuwar ƙauye ranar cinta. Ba ya fara tambayar kuɗi. Yakan ɗauka ya jinjina, ya kaɗa ta a iska sau biyu kamar mai sara. Sai ya rufe ido ɗaya ya bi bayanta da kallo daga mariƙi zuwa tsini, ya ga ko ta miƙe ko ta karkace. Ya goga babban yatsa a gicciye a bakinta, ya ɗora kaifin a kan farce ya ga ko zai kama ko zai zame. Ya riƙe ruwan wuƙar da hannu ɗaya, mariƙi da ɗayan, ya ɗan murɗa, domin idan akwai motsi a mahaɗar, jini da ruwa za su shiga, itacen ya ruɓe, wata rana ƙarfen ya fice ana tsakiyar aiki. Wani har yakan ƙwanƙwasa ta a jikin uwar maƙera ya saurari ƙararta. Duk wannan bai wuce minti biyu ba, kuma a cikin wuƙaƙe biyar da maƙeri ɗaya ya ƙera rana ɗaya, zai ajiye huɗu ya ɗauki ɗaya. Ba ya neman wuƙa guda ta yi masa komai: ta yanka daban, ta fiɗa daban, wadda ake yanyana naman kilishi da ita har ya yi falan-falan daban, ƙashi kuwa sai gatari ko adda. Wannan sani ne da sana'a ta tara, kuma babu ko ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da za a iya yi ta waya.

Wani zai ce ai wuƙa ce kawai, idan ba ta yi ba a sayi wata. Da asarar ta tsaya a kuɗi, da maganar ta yi sauƙi. Wuƙar da ba ta zauna a hannu ba, ko wadda ta dakushe da wuri, tana sa mutum ya ƙara ƙarfi, kuma wurin ƙara ƙarfin ne take zamewa ta sami yatsa. Ranar layya kuwa abin ya wuce yatsa. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu da ke cikin Sahihu Muslim ya umarci mai yanka ya wasa wuƙarsa ya hutar da dabbar, kuma duk wanda ya taɓa ganin ana goga dakusasshiyar wuƙa a wuyan rago, ana kiran a kawo wata daga maƙwabta, ya san abin da ake gudu. Mutum ya kashe dubban ɗaruruwa a kan rago, sa'an nan ya fito da wuƙar da bai taɓa zarewa daga kwali ba sai da aka kayar da dabbar, wannan sakaci ne da ibada. Bayan yanka ga fiɗa. Wuƙar fiɗa tana son baki mai lanƙwasa da tsinin da bai cika fiƙewa ba. Mai tsini sosai tana huda fata, kuma fatar da aka huda ko aka kakkarce darajarta faɗuwa take yi a wurin masu saye, tun kafin ta isa majema ko masana'antun fata na Challawa da Sharaɗa. Ƙasar da ta yi suna a duniya da fatar jar akuyar Sakkwato bai kamata ta riƙa wasa da wannan ba.

Hujja mafi ƙarfi da ake kawowa a kan wannan ra'ayi ita ce, hannu ba ya ganin cikin ƙarfe. Gaskiya ne. Ingancin wuƙa ya dogara ƙwarai ga irin ƙarfen da yadda aka gasa shi aka tsoma a ruwa ko mai, kuma wuƙa tana iya yin daɗin riƙo a kasuwa ta dakushe bayan mako guda. Masu wannan hujja sukan ce a intanet aƙalla ana rubuta bayani: taurin ƙarfe a ma'aunin Rockwell, inda wuƙaƙen Jamus kan tsaya tsakanin 56 da 58, na Japan kuma su kai 60 ko su wuce, ga sunan kamfani, ga ra'ayoyin waɗanda suka riga ka saye. Na yarda wannan bayani yana da amfani, kuma mai saye ya karanta shi kafin ya fita. Sai dai rubutu ne, kuma kowa yana iya rubutawa. Garin Solingen na Jamus, mazaunin Zwilling tun 1731 da Wüsthof tun 1814, sai da aka yi masa dokar kare sunansa a 1938 saboda yawan masu buga sunan a kan kayan da ba can aka yi su ba, kuma har yau ba a daina ba. Wanda ya iya buga tambarin ƙarya a jikin ƙarfe, lambar ƙarya a shafin talla ba za ta gagare shi ba. Mai wuƙa a hannu kuwa yana da abin dubawa: kaurin bayanta, ko an wasa gefen biyu daidai, ko ƙarfen ya ratsa mariƙin har ƙarshe ko ɗan guntu ne aka cusa aka liƙe da gam, ko ƙusoshin na gaske ne ko ado ne aka manna. Yana iya roƙon a goga ta a dutse ya ga yadda take karɓar washi. Bai san komai ba, amma ya fi mai kallon hoto sani nesa ba kusa ba. Fiye da haka, ya san rumfar da ya saya da fuskar wanda ya sayar masa, kuma maƙerin da ya san za ka dawo kasuwa mai zuwa ba zai so ka dawo da ƙorafi a gaban abokan sana'arsa ba.

A nan ne ma ciniki da hoto yake yi wa maƙeranmu rashin adalci, abin da ke damuna ƙwarai. Ƙarfen da ba ya tsatsa, wanda ke ɗauke da aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari na sinadarin kuromiyam, yana da sheƙi ko mai kyau ne ko na banza, don haka kyamara tana ƙaunarsa. Wuƙar maƙeri kuwa, wadda sau da yawa daga tsohon sifirin na mota ake ƙera ta, baƙa ce, da tabon masaɓa a jikinta, kuma idan aka bar ta a jiƙe za ta yi tsatsa. A hoto ba ta da abin nunawa. Amma ƙarfen sifirin ƙarfe ne mai kyau, yana ɗaukar kaifi da wuri a kan dutsen da ke kowane gida, shi ya sa har gobe mahauta da yawa ba sa rabuwa da ita. Idan ido kaɗai aka bar wa hukunci, kullum mai sheƙi ce za ta ci kasuwa, sana'ar da ta daɗe a ƙasar Kano tun zamanin masu narka tama a Dala ta riƙa ja da baya ba don aikinta ya gaza ba. Idan aka bar wa hannu, kowace za ta ci rabonta. Ba ina cewa duk wuƙar maƙeri nagartacciya ce ba. Akwai masu ha'inci a cikinsu kamar kowace sana'a, kuma su ma hannu ne ke tona musu asiri.

Sai hujjar waɗanda ba su da halin zuwa kasuwa: matan da ba sa fita, mutumin da garinsu ba a kawo irin wuƙar da yake nema, da wanda ya ga farashin intanet ya fi sauƙi. Wannan uzuri ne na gaske, amma maganinsa ba sabo ba ne a wurinmu. Dillaliya tun fil azal takan shigo da kaya har tsakar gida, uwargida ta juya ta duba, ta ɗauki wanda ya yi mata ta mayar da saura. Abin da ya kamata a nema daga mai talla a waya ke nan: a kawo, a buɗe, a riƙe, sa'an nan a biya, ko kuma a yi sharaɗin mayarwa tun kafin kuɗi ya fita. Wannan ba alfarma ba ce. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta ba mai saye damar mayar da kayan da bai sami dubawa ba kafin a kawo masa, idan ya zo saɓanin yadda aka siffanta shi. A fiƙihu ma, malaman Malikiyya sun halatta sayar da abin da ba ya wurin ciniki bisa siffantawa, tare da zaɓi ga mai saye idan kayan ya saɓa wa siffar, Hanafiyya kuma suka ba shi zaɓi a lokacin da ya ga kayan da idonsa. Don haka ban ce cinikin haramun ne ba. Abin da nake cewa shi ne, babu siffar da za ta gaya maka yadda wuƙa za ta zauna a tafin hannunka, kuma mai tallan da ya ƙi yarda a duba kafin a biya ya riga ya ba ka labarin kayansa. Inda na sassauta wuri ɗaya ne: wanda ya riga ya yi aiki da wata wuƙa ta sanannen kamfani, a ce Victorinox ko Tramontina, yana son irinta sak daga dillalin da ya amince da shi, wannan hannunsa ya riga ya yi gwajin, ya yi odarsa.

Shiga kanti ma ba ya wadatarwa idan wuƙar tana liƙe cikin roba, mai kanti yana cewa in ka buɗe ka saya. Wannan da hoton waya duk kanwar ja ce. Masu manyan kantuna su ajiye samfuri guda a buɗe a kan teburin mai jiran kaya, kamar yadda masu turare ke yi, wanda ya nema a miƙa masa ta mariƙi ya gwada a gabansu. Kai kuma mai karatu, idan layya kake shirin yi bana, kada ka bari sai daren Sallah. Ka je kasuwa da sauran mako biyu, ka tafi da wanda zai yi yankan idan ba kai ba ne, idan kuma ta girki ce a bar mai girkin ta zaɓa. Ka riƙe uku ko huɗu kafin ka tambayi kuɗin ko ɗaya, ka haɗa da dutsen washi, kuma ka gwada ta a kan nama a gida kafin ranar da za a kayar da rago.