Tirela a ƙofar gida: ina mai fili zai kai kuka?

Ranar Talatar da ta wuce, wani dattijo da mai wannan shafi ke kira Kawu ya buɗe ƙyauren zaure zai tafi sallar asuba, sai ya yi kiciɓis da tayar tirela. Motar, shaƙe da buhunan albasa, ta kwana a fegin da ke manne da gidansa, wanda ya saya da kuɗin guminsa don ya gina wa ƴaƴansa maza ɗakuna. Tayoyin baya sun hau kan bulon da ya daɗe yana tarawa ɗaya bayan ɗaya, sun niƙe na ƙasa. Turken siminti na iyaka ya kwanta. Baƙin mai ya malale har bakin magudanar gidan, karen motar kuma yana ƙarƙashinta kan tabarma yana sharar barci.

"Ɗana, wa ya ba ku izinin shiga nan?" in ji Kawu da direban ya farka.

"Baba, a yi haƙuri, takardu muke jira. Da an sa hannu za mu tashi."

Sai da motar ta kwana uku. Matan gida suna raɓawa ta gefen tayoyi in za su fita, a gaban samarin da ba su sani ba, masu dafa shayi suna shanya tufafi a kan katangar gidan. Da dare in an tada inji a duba shi, garun ƙasa ya riƙa zubar da ɓurɓushi. Kawu ya sa babbar riga ya tafi ofishin da ya ga ya dace. "Ranka ya daɗe, an shiga mini fili," in ji shi. Aka ce masa, "Alhaji, ai filinka ne, ba hanyar gwamnati ba ce, ku je ku sasanta." Ya wuce ofishi na biyu, can kuma aka tambaye shi ko an yi sata ko an zubar da jini. Da ya ce a'a, sai aka ba shi haƙuri. Mai unguwa ne ya tako da ƙafarsa ya yi ta lallashi har direban ya yarda ya matsa. Kuɗin bulo dai har yau babu wanda ya yi zancensu.

Abin da ya hana mai wannan shafi sukuni shi ne, duk wanda ke zaune bakin kwalta daga Ƙonni zuwa Galmi yana da irin wannan labari a bakinsa. Babbar hanya ta ɗaya, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi da Damagaram, ta ratsa tsakiyar garuruwanmu. A Tsarnawa hanyar Tawa ta rabu, ta bi ta Badagishiri a gundumar Illela. A Malbaza motoci na layin ɗaukar siminti. In aka fara cire albasa a Galmi da kewayenta, manyan motoci masu zuwa Gana da Kodebuwa da Najeriya sai su cika ko'ina. Ga kuma iyaka, tafiyar ƴan mintoci daga Ƙonni zuwa Illelar Najeriya, Sakkwato ma ba ta kai kilomita 100 ba. Arzikinmu a kan waɗannan tayoyi yake tafiya, babu mai musu. Sai dai motar da ke kawo arzikin tana buƙatar wurin kwana, kuma an bar talaka shi ya ba da masaukin ko yana so ko ba ya so.

Mun ga ƙarshen abin sau biyu cikin ƴan shekarun nan. Daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Yamai, takunkumin ƙungiyar CEDEAO ya sake datse hanyar, ba a buɗe ba sai cikin Maris na 2024. Motoci suka yi cirko-cirko, kaya na lalacewa a cikinsu, duk wani kango ko fili mara katanga ya koma tasha. An buɗe iyaka, amma sabon da aka yi bai tafi ba.

Direbobi ma suna da tasu hujjar: ba su da inda za su tsaya, kuma ɓarayin batir da mai ba sa barin motar da aka ajiye a bayan gari.

To wa ke da alhakin samar musu wurin? Ma'aikatar magajin gari. Dokar ƙananan hukumomi ta 2010 ta ɗora wa magajin gari kula da tsari da tsafta da kwanciyar hankalin jama'a, har da zirga-zirgar ababen hawa a cikin gari. Tun Afrilun 2024 da aka rusa majalisun garuruwa aka naɗa kantomomi, wannan nauyi a wuyansu yake. Kowa kuma ya san yaran tikiti ba sa makara, mota ba ta gama tsayawa a tasha ko bakin kasuwa ba an miƙa wa direba takarda. Hukumar da ta iya gano mota lokacin karɓar kuɗin tsayuwa ba za ta ce ba ta gan ta ba lokacin da ta murƙushe bulon dattijo. Faɗin cewa "filinka ne" ba amsa ba ce, gudun aiki ne. Ta kan hanyar gwamnati motar ta bi ta shiga filin, rashin wurin da hukuma ba ta tanada ba ne ya kai ta can. In an ce wa mai shekara saba'in ya je ya sasanta da ƙarti huɗu da tirela, an tura shi ne ko dai ya haɗiye baƙin ciki, ko ƴaƴansa su fito da sanduna. Ranar da hakan ta faru, ofisoshin nan biyu za su zo da gudu, da ankwa a hannu.

Masu bin wannan shafi sun san ba ya gajiya da zancen takardar fili, yau ma sai ya maimaita. Tun 1993 ƙasar nan ke da dokar tsarin karkara, aka kafa hukumomin kula da filaye tun daga ƙauye har gunduma, aka yi ta yekuwa cewa kowa ya yi wa filinsa takarda. Kawu ya ji kiran, ya biya, takardarsa na cikin leda a ƙasan adaka. Ya ɗauke ta ya kai ofisoshin nan, babu wanda ya ko buɗe ta. Da wane baki za a sake cewa manomin da ke bakin hanya ya je ya yi rajistar gonarsa, alhali yana ganin motar siminti ta juya a cikin geronsa an ce masa sai haƙuri?

Abin da ake nema bai fi ƙarfin kowace ƙaramar hukuma ba. A ware fili a mashigar gari, a kewaye shi, a sa fitila da famfo da makewayi da mai gadi, direba ya biya ya kwana da kwanciyar hankali. A zauna da ƙungiyar direbobi da sarakuna da masu unguwanni a amince cewa wanda ya shiga filin mutum ba izini zai biya tara, ya kuma biya ɓarnar da ya yi kafin a sake shi. A sa mutum guda a ma'aikatar magajin gari wanda aikinsa ke nan, in an kawo ƙara ya hau babur ya je ya gani da idonsa a ranar.

Jiya da yamma mai wannan shafi ya sake biyawa ta gidan. Ya tarar da Kawu da jikokinsa biyu suna jawo ƙayar magarya suna jerawa a bakin fegin, sun tada turken iyaka sun tokare shi da duwatsu. Bulon da ya tsira sun kwashe shi sun shigar zaure, don kakar albasa ba ta ƙare ba.