Lafiyar Gida: In Bayan Jariri Ya Karkace, A Duba Zuciyarsa

A wannan wata za mu yi magana a kan yaran da akan haifa da karkataccen baya, da wani abu da yakan ɓuya a ƙirjinsu.

Da farko sai mu rarrabe. Akwai doron da tarin fuka ke kawowa in ya ci ƙashin baya, wannan yana da maganinsa a asibiti. Akwai kuma karkatar da takan bayyana wajen shekara 10 zuwa sama, yawanci ga 'yan mata. Wadda muke nufi ita ce ta haihuwa. Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne guda 33, ɗaya bisa ɗaya. Wani lokaci ɗayansu yakan fito rabi, kamar tubalin da aka sare gefensa, ko kuwa biyu su manne ta gefe guda. Yaro na girma, ginin na ƙara jirkicewa.

To, ina ruwan zuciya da wannan? Ga dalili. Zuciyar ɗan tayi takan fara bugawa wajen kwana 22 da shigar ciki, ƙasusuwan baya kuwa suna kafuwa tsakanin mako na 4 da na 6. Ƙoda ma a lokacin take farawa. Sau da yawa uwa ba ta ma tabbatar tana da ciki ba tukuna. Abin da ya taɓa ɗaya a waɗannan makonni yana iya taɓa sauran. Cikin dukan jarirai, wajen 1 cikin 100 ne ke zuwa da lahani a zuciya. Amma cikin masu karkatar baya ta haihuwa, likitoci sukan sami aƙalla 1 cikin 10. Mafi yawa huda ce a bangon da ya raba ɗakunan zuciya, jini yana bi ta inda ba hanyarsa ba.

Baya kowa yana ganinsa, har maƙwabta su yi ta ba da shawara. Zuciya kuwa shiru take. Saboda haka ku lura, iyaye mata. Jaririn da ke haki in yana shan mama, yana saki yana hutawa, zufa na tsattsafo masa a goshi. Wanda ba ya ƙiba ko da yake nono ya wadata. Wanda ciwon ƙirji ke komo masa a kai a kai. Wanda leɓunansa ke yin shuɗi in ya yi kuka. Babban yaro kuma yakan gaji da wuri, ya tsuguna a tsakiyar wasa. Mu malaman makaranta sai mu yi hattara da irin wannan kafin mu ce masa rago, balle mu ɗauki bulala.

Wani yaron ba ya nuna alama ko ɗaya. Don haka kada a jira. Ku roƙi likita ya saurari ƙirjinsa, a yi masa hoton zuciya da ake kira eko, a duba ƙoda kuma. Ba allura, ba yanka, ba zafi. Ana yin hoton a manyan asibitocin koyarwa irin na Jos, da Zariya, da Kano, aikin ƙashi kuwa akwai asibitin Dala a Kano. Ƙaramar huda takan toshe da kanta yayin da yaro ke girma. Babba tana bukatar magani ko aiki. In kuma za a yi wa bayan aiki, lalle likita ya san halin zuciyar kafin a sa yaron barci.

Mai ɗori gwani ne ga karaya, amma nan babu abin da ya karye. Dannawa da tsaga da ƙaho wahala kawai za su ƙara wa yaron.

Mun san maganganun da akan yi, cewa uwar ta ƙetare wani abu da dare, ko alhaki ne ke bin gidan. A Yohanna sura 9 almajirai sun kawo irin wannan zato a kan makahon nan, Yesu kuwa bai ɗora wa iyayensa laifi ba. Abin da aka sani shi ne, ciwon sukari da ba a kula da shi ba yana ƙara hatsarin, saboda haka mai wannan ciwo ta ga likita tun kafin ta ɗauki ciki.

Kuɗin mota da na hoto sukan fi ƙarfin gida ɗaya. Zumuntar mata da dattawan ikilisiya, in akwai irin wannan yaro a cikinku, ku tambayi iyayensa ko an taɓa duba zuciyarsa. In ba a yi ba, a sa rana, a sami wanda zai raka uwar.