An rufe ajin gita, an bar yara a fada: wa muka cuta?



Yau da ɓacin rai muka zo, kuma ba za mu ɓoye ba. Watannin baya wani mushe a unguwarmu, magidanci ne da kowa ya san shi, ya nemi aron aji guda a wata lakwal domin ya riƙa koyar da gita da solfej, wato ilimin karanta kiɗa da rubuta shi, ranakun Asabar da Lahadi daga bayan la'asar zuwa kafin magariba. Ya ce kowa na iya zuwa, yaro da babba. Gita huɗu gare shi, biyu nasa, biyu na aro. Mun je mun gani da idonmu. Akwai ƴan lakwal, akwai wani ɗan kabu-kabu da ke aje babur a bakin ƙofa, akwai ƴan mata uku da uwar ɗayarsu zaune a baya tana kallo, akwai kuma wani dattijo da ya aje aikin gwamnati, yana fama da yatsunsa yana yi wa kansa dariya. Ba a cika wata biyu ba wasu suka kai ƙara, wai ana tara yara ana koya musu iskanci. Cikin masu ƙarar babu wanda ya taɓa leƙa ajin ko sau ɗaya. Aka karɓe makulli.

To yanzu ina yaran suke? Mun san inda suke. Samarin sun koma fada, inda wata tsohuwar gita mai tsirkiya huɗu ke yawo hannu zuwa hannu har ƙarfe ɗayan dare, ga shayi, ga taba, wani zubin ga ƙwaya. Ƴan matan sun koma ɗaki da salula. Dattijon ya koma gindin icce. An ƙi cin biri an ci dila ke nan. Wanda ke tsoron kada gita ta kai ɗansa ga mugayen abokai, shi ya kamata ya fi kowa kare wanga aji, domin shi ne wuri guda da yaro ke riƙe gita da rana tsaka, ƙofa buɗe, gaban sa'ar ubansa.

Mu faɗa wa juna gaskiya. Mu ne ke tura wa juna bidiyon Bombino yana kiɗa a Amurka da Turai muna cewa ɗan Nijar ya fidda mu kunya. Lokacin da sunansa ya shiga jerin masu takarar lambar Grammy ta 2019 da faifansa Deran, har waɗanda ba su taɓa sauraren waƙarsa ba sun yi ta taya murna. Mu ne ke alfahari da Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, wanda waƙoƙinsa suka fara yaɗuwa daga salula zuwa salula kafin duniya ta san shi. Amma mun manta yadda ya fara: gidansu ba a son zancen, sai da ya haɗa gitarsa ta farko da kansa, da katako da wayar birkin keke. Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad, can wajen Abalak, da gitar yayanta ta koya wa kanta. Muna ba da waɗannan labarai kamar abin burgewa, alhali abin kunya ne gare mu. In mutum ɗaya ya tsira da wayar birki, mutum nawa ne suka gaji suka bari ba wanda ya ji labarinsu?

Masu ƙarar suna da hujjojinsu, kuma mun saurare su.

Ta farko ita ce addini. Mun san malamai sun daɗe da saɓani kan kayan kiɗa, kuma mu ba masu ba da fatawa ba ne. Uban da ya riƙi fahimtar haramci ya hana ɗansa zuwa, haƙƙinsa ne, ba mu da ja, kuma ba wanda ya je gida-gida yana jan yara. Amma hana ɗanka daban, rufe wa ɗan maƙwabcinka ƙofa daban. Sannan cikin waɗanda suka kai ƙarar nan akwai waɗanda muka gani da idonmu suna yi wa makaɗa liƙi ranar auren ɗiyarsu, har suna cewa a ƙara ƙarar na'ura. In kiɗan ya halatta ranar biki, yaya koyonsa ya zama iskanci ranar Asabar?

Ta biyu ita ce gado. Wai kiɗa na maroƙa ne, ɗan gidan mutunci ba ya kiɗa. Wannan magana ita ce ta fi yi mana ciwo, domin raini ne ga gidajen da suka riƙe mana tarihi. Abin da yawancinmu muka sani na sarautar Damagaram, ba a littafi muka fara jin sa ba, a bakin irin su Ma'azu Ɗan Alalo muka ji. A Tawa sunan Ɗan Gurmu aka sa wa gasar kiɗa ta ƙasa. A filin kokowa, in aka ɗauke makaɗa, wa zai tsaya kallon neman takobi? Ku duba kuma Malam Mamman Barka, Allah ya jiƙansa: malamin lakwal ne kafin duniya ta san shi da gurumi. Almeida, jagoran Tal National, ya yi alƙalanci a kotu a Yamai. Wane mutunci ne ya zube musu?

Ta uku, wai gita kayan baƙi ce, za ta kashe gurumi da molo da goge. Wanda ya faɗi haka bai saurara da kyau ba. Abzinawa sun ɗauki gita sun sa mata harshensu da takunsu, har yau in Bature ya ji salon ya san daga Sahara ya fito. Yawancin kiɗanmu na gargajiya kan muryoyi biyar yake tafiya, kuma muryoyin nan biyar suna nan kwance a wuyan gita. Mushen unguwarmu da waƙoƙin gaɗa da na daka yake fara darasi, waɗanda kowa ya sani tun yana goye. Abin da ke kashe gurumi ba gita ba ce, rashin magaji ne. Ku tuna biram, kayan kiɗan Buduma na bakin tafkin Chadi mai tsirkiya biyar. Saura ƙiris ya ɓace, sai da Mamman Barka ya samu tallafin UNESCO a 2002 ya tafi ya zauna wurin tsohon gwanin da ya rage ya koya. Shi ma ya rasu a 2018. Kayan kiɗa nawa ne a ƙauyukanmu ke jiran mutuwar tsoho ɗaya?

A nan ne maganar solfej ta shigo. Wasu na cewa gwanayenmu na da ba su san do-re-mi ba, kuma ba wanda ya kai su. Gaskiya ne. Amma yaya suka koya? Yaro kan bi ubangidansa shekara da shekaru, yana ɗaukar masa kaya, yana amshi, yana kwana inda ya kwana, har kiɗan ya shiga jikinsa. Yau wane yaro ne zai yi haka, ga lakwal, ga neman abinci, ga ci-rani? Hanyar da ta riƙe kiɗan a da ta tsinke. In ba mu koyi rubuta shi ba, za mu bar wa jikokinmu faifai kawai, su ji amma su kasa maimaitawa. Mu da muka tashi da allo da tawada bai kamata a yi mana dogon bayani kan amfanin rubutu ba.

Kuma abin ba wani sihiri ba ne. Bari mu faɗa muku abin da muka ga ana yi a ajin, don wanda bai je ba ya sani. Gita tsirkiya shida gare ta, ana ɗaure su daga mai kauri zuwa siririya: mi, la, re, sol, si, mi. Darasin farko shi ne ɗaurin nan, kowa ya kasa kunne ya ji ko tsirkiyarsa ta yi daidai da ta maƙwabcinsa. Wuyan gita an raba shi gaɓa-gaɓa. In ka danne tsirkiya a gaɓa ta goma sha biyu, ka raba tsawonta biyu daidai ke nan, sai ta ba ka muryar farko amma a sama. Wani yaro da ake ce masa daƙiƙi a lissafi, a nan muka ga ya gane ma'anar rabi da kwata, domin da kunnensa ya ji su. Sai akor, wato muryoyi uku da ake bugawa tare. Da akor uku kacal mutum na iya raka waƙoƙi masu yawa. Sai ƙidayar taki. Mushen kan raba aji biyu, waɗannan su tafa biyu, waɗancan su tafa uku a lokaci guda. Samari suka yi ta ruɗewa, sai uwar nan da ke zaune a baya ta ce ai wannan lugude ne, ta tashi ta gwada musu. Ranar ita ce malama.

Abin da ya sa muke nacewa kan koyo a taro ke nan, kuma taron da ya haɗa manya da yara. Na ɗaya, kuɗi. Iyaye nawa ne a Maraɗi ko Damagaram za su iya saya wa yaro gita su kuma biya malami shi kaɗai? Amma in mutum goma sha biyu suka haɗa jika-jika a wata, gita huɗu ta ishe su: ɗaya na bugawa, ɗaya na tafi, ɗaya na rerawa, sai a juya. Na biyu, haƙuri. Makonnin farko yatsu ciwo suke kafin su yi kanta, kuma a nan ne mai koyo shi kaɗai ke jefar da gita. In yaro ya ga dattijo mai furfura na shan wahalar da yake sha bai fasa ba, kunya ma ba za ta bar shi ya gudu ba. Gemu ba ya hana ilimi, mun sha faɗa. A ajin nan muka gan shi a aikace. Na uku, ladabi. Kiɗan taro ba ya yiwuwa sai ka yi shiru ka saurari na kusa da kai, ka jira lokacinka, ka shigo daidai. Ku nuna mana wani wuri a unguwa da ake koya wa saurayi ɗan shekara sha bakwai jiran lokacinsa.

Akwai masu cewa ƙasa na fama da tsadar hatsi da rashin tsaro, wa ke ta gita? Mun ji, kuma mu ma a kasuwar nan muke awo. Amma ba mu roƙi a ɗebi kuɗin hatsi a sayi gita ba. Ɗaki muka roƙa, wanda ke kulle ranar Asabar ko da aji ko babu. Kuma kiɗa sana'a ce. Duk bikin da aka yi a garin nan an biya makaɗa, an biya mai na'ura, an biya mai ɗaukar murya. Gidajen rediyo na neman masu haɗa sauti, ƴan fim na nema. Kuɗin nan ana kashe su ko mun so ko mun ƙi. Tambayar kawai ita ce ko ɗiyanmu za su iya aikin da kyau.

A Yamai akwai cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM Taya tun 1989, har da ɗakin ajiyar kayan kiɗan gargajiya. Madalla. Amma yaron Tasawa ko Madawa ko Mirya ba zai tafi Yamai don darasin awa biyu ba. Abin da muke da shi kusa shi ne gidajen matasa da al'adu, MJC, da azuzuwan lakwal da ke zaman banza a ƙarshen mako da lokacin babban hutu. An gina su ne don irin wannan.

Saboda haka ga abin da muke nema, a fili. Magadan gari da masu kula da gidajen matasa su ware wa ajin kiɗa awa biyu ko uku a mako, da rana, kyauta ko da kuɗi kaɗan. Kowane aji ya kasance ƙofa buɗe, duk uba ko uwa ko mai unguwa da ke so ya shigo ya zauna ba sai ya nemi izini ba. A tashi kafin kiran magariba. In iyaye sun fi son a ware wa ƴan mata ranarsu, a ware, ya fi a hana su gaba ɗaya. A gayyato tsofaffin masu gurumi da goge da kalangu su zauna tare da mai koyar da solfej, a biya su, su buga, ɗalibai su rubuta. Makaɗanmu da Allah ya ɗaukaka, da ƴan uwa da ke ƙetare, in za ku aiko da wani abu, ku aiko da tsirkiya da gita ko da tsohuwa ce. Tsirkiya ɗaya in ta tsinke a nan sai a yi makonni ana nema.

Ku kuma da kuka kai ƙara, ba gaba muke da ku ba. Maƙwabta muke, masallaci ɗaya muke sallah, kuma mun yarda tsoron lalacewar yara ne ya motsa wasunku. Abu ɗaya muke roƙo: a maido da makulli, ku zo ranar Asabar ku zauna a bencin baya daga farko har ƙarshe. In kun ga iskanci, mu da kanmu za mu taya ku rufewa. In ba ku gani ba, ku bar yaran su koya.

Mushen dai bai yi fushi ba. Gitocin na jingine a zaurensa, kuma dattijon nan, an ce mana, kullum da yamma sai ya biya ya tambaya ko an samu ɗaki.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu. Amin.