Gadar sama ba ta koya wa yaro karatu

Jama'ar Kano, lokacin kasafin kuɗi ya zo, za a sake cika mana kunne da gadar sama. Ƙofar Nasarawa, Dangi, Ɗan Agundi, duk mun gani, mun gode. To yaron Kurna da zai zana WAEC, gidansu ba wuta, ina zai yi karatu? Kullum sai ya hau Adaidaita har Laburaren Murtala Muhammad? Filayen ƙwallo an yanka an yi shaguna, sannan muna kukan daba da ƙwaya.

Ni dai buƙatata a kasafin baɗi: kowace ƙaramar hukumar birni ta gina ɗakin karatu mai sola, ta killace fili ɗaya na yara. Ku tambayi kansilanku. In ya ce ba kuɗi, ya nuna inda suka tafi.