Giris da Man Giya Su Ne Ran Inji

Jama'a, a makon nan maganarmu a kan injin yankan ciyawa ce, irin wanda ake hawa kamar ƙaramar tarakta. Wani Bature mai suna Edwin Budding shi ya fara ƙera injin yankan ciyawa a Ingila cikin 1830, na turawa da hannu. Na hawa kuwa ya fi yawa a Amurka, amma a nan ma akan gan shi a filayen wasa, da manyan makarantu, da ma'aikatu. Abin takaici, sau da yawa a bayan sito za ka tarar da shi, ciyawar da aka sayo shi dominta ta rufe shi. In ka tambaya sai a ce ya tsufa. Mu dai a ganinmu, rashin giris da man giya ne ya kashe yawancinsu.

Ga yadda abin yake. A ƙarƙashin injin akwai wuƙaƙe biyu ko uku, kowace an ɗaure ta a jikin sandar ƙarfe wadda bel ke juyawa. Kowace sanda tana zaune cikin boris biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, tana juyi wajen sau 3,000 a minti guda. To, abin da ke gudu haka, in girisinsa ya bushe, ko ƙura ta shiga, sai ya yi zafi ya fara kuka. In aka yi biris da kukan, sai boris ya ƙame, ya ci sandar, ya fasa gidanta, ya ƙone bel. Gyaran da ɗan giris zai hana ya zama na kuɗi masu yawa.

Duba shi ba wuya. A kashe inji, a zare wayar fulogi domin kada ya tashi ya raba mutum da yatsunsa, a cire bel. Sa'an nan a naɗe wuƙar da tsumma, a juya ta da hannu. In ta yi gurnani kamar akwai yashi a ciki, ko tana rawa sama da ƙasa, boris ya mutu. A canja duka biyun tare. Wajen sa sabo kada a buga guduma a kan ƙwayoyinsa. Inda akwai bakin ɗura giris, a bi abin da littafin injin ya faɗa, yawanci bayan aikin awa 25 zuwa 50. Kada kuma a fesa wa sandunan ruwa mai ƙarfi wajen wanki, domin ruwa yana kutsawa ciki ya jawo tsatsa.

Sai giya. Iri biyu ce: akwai mai haƙora wadda ake canjawa da hannu, akwai kuma wadda matsin mai ke tafiyar da ita. Wannan ta biyun, babban maƙiyinta zafi. Tana da 'yar fanka a kanta, in busasshiyar ciyawa ta toshe wurin sai man ya yi zafi ya tsinke. Alamarsa, da safe inji ya yi ƙarfi, bayan rabin awa ya kasa hawa ɗan tudu. Maganin shi ne share wurin kullum, da duba ko mai na ɗiga, da canja shi da irin wanda masu ƙera injin suka ambata. Wadda aka rufe ta ruf ba mazubi kuwa, a kai wa makaniken da ya san ta.

Watakila manomi ya ce, ina ruwana da injin gyaran fili? Da ruwanka, ɗan'uwa. Boris ɗin nan shi ne a injin niƙa, da injin sussuka, da na ban ruwa a fadama. Lambarsa tana rubuce a gefensa: 6203 raminsa milimita 17 ne, 6204 kuwa milimita 20. In an ƙara 2RS, watau yana da marufin roba a fuska biyu, shi ya fi dacewa da ƙurar hunturu. 'Yan kasuwa, ku riƙa sayar wa mutane da lamba, ku kuma ji tsoron Allah game da jabu.

Wani kuma zai ce, ai abin da bai lalace ba ba a taɓa shi, kuɗi ma ba su isa ba. Gaskiya ne kuɗi na wuya. Amma inji ba ya tsayawa sai ranar da aka fi bukatarsa, tsakiyar damina ko lokacin kaka. Saboda haka muna roƙon akawuna da masu riƙe da sito, ran da aka rubuta kuɗin sayen inji, a rubuta na giris da mai a ƙarƙashinsa, a kuma ajiye ɗan littafi na awowin aikinsa. Direban da ya ce yana jin baƙon kuka, a saurare shi.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.